Yaƙin Injiniya Nazeer da Baƙar Taga

"Ni kwamfuta ba na roƙonta, umarni nake ba ta," in ji Nazeer, ranar da ya fara zuwa ofishinmu da ke unguwar Gwarinpa a Abuja. "A Malesiya idan na shiga ɗakin kwamfuta, malamai ne ke miƙewa su ba ni kujera. Baƙar tagar nan da kuke tsoro, ni a cikinta na yi wayo."

Mai karatu, bari in gabatar maka da shi da kaina, domin idan aka bar shi ya gabatar da kansa, za mu kai la'asar ba mu wuce haihuwarsa ba. Nazeer ɗan ƙanwar mijin Hajiya Kauthar ne, matar da ke da kamfanin yogot ɗin da nake wa aikin amsa wayar masu saye. Dogo ne, siriri, yana sanye da kwat ko da rana ta raba tsaka, kuma baƙin tabarau ba ya barin fuskarsa ko a cikin ɗaki. Shi ya naɗa wa kansa sunan Injiniya, ya buga a kati, ya raba wa kowa har da mai sayar da rake na bakin ƙofa. Binciken da na yi cikin natsuwa ya nuna cewa Malesiyar tasa ta cikin waya ya je ta, yana kishingiɗe a ɗakin mahaifiyarsa a Jikwoyi.

Ga yadda aikinmu yake. Kamfanin yana da ɗakin sanyi a can Ushafa, inda makiyaya ke kawo madara kowace safiya a juye a durom. Wani dattijo mai suna Baffa Hammadu ne ke kula da wurin. Amma sanyin ɗakin ba daga can ake juya shi ba, daga ofishinmu ne, ta wata laftof. A cikin laftof ɗin akwai abin da ake kira taminal, mu kuma muke ce mata baƙar taga. Babu hoto a cikinta, babu abin dannawa, sai fili baƙi da farin rubutu. Ka rubuta umarni, ka danna maɓallin aikawa da ake kira enta, na'urar Ushafa ta aikata, ta aiko maka da amsa a rubuce.

Helen ce ta haɗa wannan tsari, 'yar Kafanchan, mai digiri na gaske wanda aka je aka zauna a aji. Don ta sauƙaƙa mana, sai ta mayar da umarnin zuwa Hausa. Ka rubuta "duba", a nuna maka yadda sanyin yake. Ka rubuta "sanyi", a ƙara shi kaɗan. Ka rubuta "rage", a rage shi kaɗan. Idan kuwa ka rubuta wani abu dabam, tagar za ta yi ɗan ƙara ƙit, ta amsa maka da ladabi: "Ban gane ba."

To, Helen za ta tafi gida ta yi aure. Hajiya ta ce idan Nazeer ya riƙe baƙar taga lafiya har ta dawo, za a mayar da Helen sabon reshe, shi kuma a ba shi kujerarta. Kujerar nan mai juyawa ce, tana cikin ɗaki mai na'urar sanyaya iska, kuma tun ranar da Nazeer ya ɗora ido a kanta bai sake barci mai nauyi ba. Bai jira komai ba ya sanar da Jikwoyi cewa an riga an ba shi. Mahaifiyarsa ta soya ƙosai ta raba sadaka gida-gida. Ka ga ke nan babu hanyar komawa baya, domin ƙosan da aka ci ba a mayar da shi.

Ranar tafiyarta, Helen ta miƙa masa laftof da hannu biyu.

"Oga Nazeer, abu ɗaya zan roƙe ka," in ji ta, da irin Hausarta ta Abuja. "Kada ka taɓa saiti. Taga ɗin yana aiki, ka bar shi yadda yake."

"Madam, ki je ki yi aurenki," in ji shi. "Kafin ki dawo ba za ki gane tagar nan ba."

Wannan ita ce magana ɗaya tak ta gaskiya da na taɓa ji daga bakinsa.

Motar Helen ba ta fita daga Gwarinpa ba ya shiga saiti. Da farko ya ƙara girman baƙaƙen har kalmar "duba" ta cika allo tana neman faɗowa kan tebur. Ya ce wannan na tsofaffi ne. Ya rage su har suka koma kamar ƙwayar gero da aka zubar a duhu. Ya ce wannan ne na masana. Sannan ya mayar da tagar shara-shara, domin a riƙa hango hotonsa da ya sa a bayanta, inda yake tsaye kusa da motar da ba tasa ba. Da ya ga hoton ya fi rubutun fitowa, sai ya mayar da baƙin yadda yake, yana ƙorafin cewa laftof ɗin ba ta kai matsayinsa ba.

Daga nan ya juya kan ƙarar ƙit.

"Wannan wane irin kuka ne, kamar ɓera?" in ji shi. "Kamfanin madara muke, dole na'ura ta yi magana da harshen kamfani."

Ya buga wa Baffa Hammadu waya, ya ce ya kanga wayar a bakin saniya. Dattijon ya yi zaton wani sabon gwajin lafiya ne daga birni, ya bi garke da waya a hannu har wata ta yi kuka. Nazeer ya naɗi kukan ya ɗora a madadin ƙit. Daga ranar, duk wanda ya rubuta abin da tagar ba ta gane ba, saniya ce za ta amsa masa da cikakkiyar murya.

Prudence, akantarmu, mace ce da ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Oga Injiniya, tun safe kwalliya kake yi wa wannan abu. Ka duba sanyi kuwa?"

Nazeer ya rufe allon da hannu kamar ɗalibi mai ɓoye amsa.

"Fatihu, ka gani?" ya ce da ni. "Babu tsaro a ofishin nan. Kowa ya wuce sai ya karanta sirrin kamfani. Zan sa rubutun ya yi duhu, yadda sai mai ilimi ne zai iya ganinsa."

Ya shiga wurin kala ya mayar da farin rubutu ruwan toka. Bai ga canji ba. Ya ƙara duhu, bai ga canji ba. Ya yi ta ƙarawa har ya kai baƙi wuluk, irin baƙin filin tagar, amma rubutu yana nan fari tas. Abin da bai sani ba, wanda mu ma sai daga baya Helen ta bayyana mana, shi ne canjin kala ba ya kamawa sai an rufe tagar an sake buɗewa. Injiniya ya yi tsaki, ya ce Helen ta lalata wurin kala, ya kashe laftof ya tafi gida, ya manta da zancen gaba ɗaya.

Washegari da safe ya zo da sabon turare, ya zauna a kujerar ya juya sau da yawa don kowa ya shaida, sannan ya buɗe baƙar taga. Taga ta buɗe baƙa ƙirin, babu ko ɗigo. Ya rubuta "duba". Babu komai. Ya goge allon da hannun kwat. Babu komai. A karon farko tun zuwansa ya cire tabarau, muka ga ashe idanunsa ƙanana ne kamar na ɗan tsako. Ya kunna tocilar waya ya haska allon, ya karkata kai ta dama, ya karkata ta hagu. Da haushi ya kama shi, sai ya daddanna kibod da tafin hannu ya buga enta.

Saniya ta yi kuka.

Nazeer ya ja kujera baya a hankali. Ya mayar da tabarau.

"An yi mana kutse," ya ce da murya ƙasa-ƙasa. "Manya ne, daga ƙasashen waje. Sun ji labarin na karɓi wurin."

"Su waye za su bar bankunan duniya su zo kan yogot?" in ji Prudence.

"Madam, ki tsaya a kan lissafinki. Yaƙin nan ba na mata da kalkuleta ba ne."

Ana cikin haka Hajiya ta bugo waya daga wani taro, ta ce garin da zafi, a ƙara sanyi kaɗan. Nazeer ya ce an gama, Anti. Ya rubuta "sanyi" ya danna enta. Bai ga amsa ba. Ya sake rubutawa. Bai gani ba. Mai karatu, ka tuna cewa tagar tana ji sarai, tana aikatawa, tana kuma amsawa, sai dai da baƙin rubutu a kan baƙin fili. Injiniya ya yi ta zuba mata "sanyi" kamar mai kiran sunan ɓatacciyar akuya, har yatsunsa suka gaji.

Kafin hantsi ya gama ɗagawa wayar ofis ta yi ƙara. Na ɗauka na sa a sifika. Baffa Hammadu ne.

"Fatihu, ka gaishe da Injiniya. Ka tambaye shi ko mun yi masa laifi ne."

"Me ya faru, Baffa?"

"Madara ta zama dutse. Na sa ludayi a durom, ga shi can a tsaye ya ƙi fita. Lantana mai tace madara ta shiga ɗakin ta fito da fari a gira, 'ya'yanta ba su gane ta ba."

Nazeer ya buga tebur.

"Kun ji ko? Sun kama ɗakin sanyi. Abin da na faɗa ke nan."

Ya fara rubuta "rage" domin ya ƙwato ɗakin daga hannun maƙiya. Da bai ga amsa ba, sai ya ce wataƙila sun sa wa kibod guba. Ya ciro kibod ɗin Prudence ya jona, ya gwada shi da "rage". Ya ciro nawa, ya gwada shi da "rage". Ya aika aka sayo sabo fil a leda, shi ma ya gwada shi da "rage", har da ƙari don a tabbatar. Kowane kibod lafiyarsa ƙalau, kuma kowanne ya isar da saƙo Ushafa ba tare da ɓata lokaci ba.

Bayan azahar Baffa Hammadu ya sake bugowa.

"Fatihu, yanzu kuma gidan burodi muka koma. Dutsen ya narke, ya fara kumfa. Murfin durom yana rawa shi kaɗai. Ƙudajen ƙaramar hukumar Bwari gaba ɗaya sun zo gaisuwa."

"Oga Injiniya, ka kira Helen," in ji Prudence.

"In kira amarya ta koya mini aikina? Allah ya kiyaye. Idan na kira ta, kujerar nan ta tafi. Ku ba ni wuri, zan yi gaba da gaba da su."

Ya kore mu daga ɗakin Helen, ya kulle ƙofa daga shi sai laftof. Muka riƙa jin ƙarar kibod kamar ruwan sama a kan kwano, sai shiru, sai saniya ta yi kuka. A sake ruwan sama, a sake shiru, saniya ta sake kuka. Masu saye da ke bugo waya suka fara tambayata ko mun koma ruga ne. Mai kemis na ƙasanmu ya hawo bene da kansa, ya ja ni gefe, ya ce matarsa ta haihu, idan saniyar ta sayarwa ce a yi masa magana kafin wani ya riga shi.

Na leƙa ta taga. Injiniya ya cire kwat, ya cire tabarau, gumi yana zuba duk da na'urar sanyaya iska, yana rubutu mai tsawo da fuskar mai roƙon gafara. Da ya gan ni sai ya gyara zama.

"Ina matse su, Fatihu. Sun kusa miƙa wuya."

Da la'asar Hajiya Kauthar ta iso, Baffa Hammadu yana biye da ita riƙe da bokiti. Ba sai an buɗe bokitin ba, domin warinsa ya riga su hawa bene. Hajiya mace ce mai sanyin magana, wadda idan ta yi fushi muryarta ƙara sauka take yi. Ta zauna a ɗakin taro ta ce a kira mata Injiniya.

Ya fito ya mayar da kwat da tabarau. Ya jona laftof da babbar talabijin ta bango, baƙar taga ta cika allo.

"Anti, wannan baƙin da kike gani, fuskar maƙiyi ce," ya fara. "Da ba ni ne a wurin ba, da yanzu sun kwashe har shanun. Na tsayar da su, amma aikin yana buƙatar sababbin na'urori, da kuma in je ƙasar waje in yi musu kwanton ɓauna daga can."

Hajiya ta ciro waya ta kira Helen ta bidiyo, ta jingine wayar da kofi. Helen ta bayyana a zaune a kan tabarma, rabin kanta an kitse, rabi a tsefe, mai kitso tana riƙe da kunnenta.

"Helen, yi haƙuri da mu," in ji Hajiya. "Dubi tagarki."

Helen ta ƙura ido.

"Oga Nazeer, ka taɓa saiti?"

"Taɓawa irin ta ilimi," in ji shi.

"Ka taɓa kala?"

"Wurin kala ai a lalace kika bar shi."

Helen ta rufe ido na ɗan lokaci, kamar mai addu'a.

"Prudence, ɗauki maus. Koma can sama, ki danna, ki ja shi har ƙasa."

Prudence ta yi yadda aka ce. Shuɗi ya bi bayan maus ya rufe baƙin, kuma a kan shuɗin nan rubutu ya fito ɓaro-ɓaro, layi bayan layi, duk abin da aka rubuta tun safe. Bayan "duba" da ɗan shirmen farko, "sanyi" ne a jere kamar layin motoci a gidan mai, kowanne da amsarsa a ƙasa: "An ƙara sanyi." Sai "rage" ya biyo baya, layinsa ya fi na farko tsawo, kowanne da tasa amsar: "An rage sanyi."

"Ashe ji take yi," in ji Baffa Hammadu. "Baiwar Allah, duk abin da aka ce mata ta yi."

"Akwai saura a ƙasa," in ji Prudence. Ta gyara murya kamar mai karanta labarai, ta fara karantawa, tana haɗawa da amsar tagar.

"Ku 'yan kutse, kun san da wa kuke yi kuwa? Ban gane ba."

"Ina gargaɗinku, na yi karatu a Malesiya. Ban gane ba."

"To, mu sasanta. Me kuke so? Ban gane ba."

"Idan yogot ne akwai, har mai ayaba. Ban gane ba."

"Madam, ya isa haka," in ji Nazeer. "Waɗannan dabarun yaƙi ne."

"Ci gaba, Prudence," in ji Hajiya.

"Don girman Allah ku bari Helen ta dawo ku yi mata, ni baƙo ne a nan. Ban gane ba."

"Gaskiya ban je Malesiya ba, ko Legas ban taɓa zuwa ba. Ban gane ba."

"Mamata ta riga ta raba ƙosai. Ban gane ba."

Mai kitson Helen ta saki kunnen ta matso kusa da waya don ta ji da kyau. Prudence ta dubi layi na ƙarshe, ta dubi Hajiya.

"Karanta," in ji Hajiya.

"Anti Hajiya ba ta san bambancin kwamfuta da injin markaɗe ba. Ku sakar mini tagar kawai in ce mata na kore ku, ku ci gaba da zamanku a ciki, ba ruwana. Ban gane ba."

Hajiya ta gyara mayafinta.

"Ita ba ta gane ba," ta ce a hankali. "Ni kuwa na gane."

"Anti, wallahi su ne suka rubuta da sunana," in ji Nazeer. Ya dafa tebur don ya yi rantsuwa da kyau, tafin hannunsa ya sauka a kan kibod.

Saniya ta yi kuka, wannan karon ta sifikar babbar talabijin, har gilashin taga ya amsa.

Baffa Hammadu ya ajiye bokiti.

"Wannan ai muryar saniyarmu Wule ce," in ji shi. "Ko a gida ba ta irin wannan kukan sai ta ga ana shirme."

Helen ta faɗa wa Prudence inda za ta mayar da rubutu fari, aka rufe tagar aka buɗe, komai ya dawo kafin mai kitso ta gama layi ɗaya. Helen ta ce a bar kukan saniyar, ya yi mata daɗi. Hajiya ta ce da ita ta yi aurenta a natse, kujerarta tana jiranta, kuma za a sa wa ɗakin kwaɗo.

Sannan ta juya ga Injiniya.

"Nazeer, tunda mahaifiyarka ta raba ƙosai, ba zan bari sadakarta ta tafi a banza ba. Ka samu aiki. Gobe ka bi Baffa zuwa Ushafa. Akwai durom-durom da suka yi tsami saboda kai, suna jiran wanki. Farare ne tas, ba za ka sha wahalar ganinsu ba."

Yanzu haka yana can. Ya buga sabon kati mai cewa Shugaban Sashen Tsaftar Na'urori, Reshen Ushafa, ya raba wa masu ginin tukwane na garin. Makon jiya Baffa Hammadu ya zo ofis, na tambaye shi yadda Injiniya yake.

"Yana ƙoƙari," in ji dattijon. "Hannunsa ya fara faɗawa da soso. Abu ɗaya ne ya rage. Duk lokacin da Wule ta yi kuka a bayan ɗaki, sai ya saki durom ya miƙe tsaye, ya ce mata, yi haƙuri, bari in sake rubutawa."